Canji, Juyi Da Tuba

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin Hausa na wannan fitowa, in yi magana a kan wata kalma wadda ta shige mana baki har ba mu jin nauyinta, watau canji. Ba na tsammani akwai ɗalibi ko malami a kwalejin nan wanda zai yini bai faɗe ta ba. Mai kanti ya ce ba canji. An yi wa malamin lissafi canji zuwa wata makaranta. An canja ranar jarrabawa. Wane ya canja hali, wance ta canja addini. To, abin da na ke so mu duba shi ne, shin duk waɗannan abu guda ne? Ni dai a ganina ba abu guda ba ne. Kalmar tana da ɗakinta a cikin Hausa, ta kuwa cancanci zama a ciki, amma mun sake mata tana shiga ɗakunan da ba nata ba, akwai kuwa ɗaki guda wanda shigarta cikinsa ta ke da hatsari. Tun da ya ke gobe mu ne za mu tsaya gaban yara da alli a hannu, abin da bakinmu ya saba da shi, shi za su kwashe su kai gida.

Kowa ya sani daga Turanci muka aro ta. Waɗansu su kan ce canja, waɗansu canza, duk ɗaya ne. Akwai 'yan'uwa masu kishin Hausa waɗanda su ke so a kore ta ɗungum saboda baƙuwa ce, amma ban bi su a kan wannan ba. In za a kori baƙi, sai a kori kwabo da sule da fam da tebur, a kori littafi da alƙalami da addini, har da tuba ita kanta, gama daga Larabci ta zo. Baƙon da ya yi aiki ya ci tuwon gida, ya haifi 'ya'ya, ai ya zama ɗan gari.

Wanda ya ke so ya ga inda kalmar nan ta ke aikinta na gaskiya, sai ya dubi unguwannin Hausawa na ƙasar Gabas, watau Anacha da Inugu da Fatakwal. Anacha tsohuwar kasuwa ce ta bakin Kwara, Nufawa da Hausawa sun daɗe suna gangarowa gare ta da kanwa da sauran kayan Arewa, har akwai titi a garin mai sunan Bida, inda babban masallaci ya ke. Inugu da Fatakwal kuwa garuruwan jiya ne. A 1909 aka gano kwal a wajen Udi, aka kafa Fatakwal a bakin ruwa domin fitar da shi, aka sa mata sunan wani ministan Ingila, Lewis Harcourt. A 1916 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa garuruwan biyu, a 1932 kuma aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai, jirgi ya riƙa wucewa daga Arewa har bakin teku. Sai fatake suka bi dogo da shanu da wake da albasa da busasshen kifi. Shi ya sa kasuwannin shanu da dama a ƙasar Ibo sunansu Gariki. To, a irin wannan wuri, mai saniya ba ya jin Ibo, mai saye ba ya jin Hausa, abin da ya haɗa su ƙidaya da yatsu da 'yan kalmomin Turancin kasuwa, a cikinsu kuwa babu wadda ta fi canji amfani. Bahaushe ya faɗe ta, Ibo ya gane, mutumin Ijo ya gane. Wannan alheri ne babba, kada mu raina shi.

Ba kuwa banza kalmar ta kafu a can ba, gama kuɗin Arewa da na Gabas ba iri ɗaya ba ne a dā. Kakanninmu da wuri su ke ciniki, har da kuɗin Turawa suka zo sai suka sa wa rabin kwabo suna ɗari, saboda wuri ɗari ne a bakinsa. A ƙasar manja kuwa, wajen Aba da Fatakwal da ƙasar Ibibiyo, wani ƙarfe su ke amfani da shi mai siffar munduwa, wanda a ke kira manila, Turawan ciniki su ke ƙero shi a Birmingham su kawo. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, sule da sisi da toro da kwabo da anini suka bazu, amma mutanen ƙauye ba su saki manila ba. Farashinta kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, in kakar manja ta zo sai ta yi tsada, in ta wuce sai ta faɗi. Bafataken da aka biya shi da manila ba shi da yadda zai yi da ita a Kano, dole ya nemi wanda zai karɓa ya ba shi sule, ya kuma haƙura da abin da za a rage masa. Sai a 1948 gwamnati ta shiga sayenta daga hannun mutane, ta tara fiye da miliyan 32, a watan Afrilu na 1949 aka daina karɓarta.

Tun daga nan ba a huta ba. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da fam na ƙasarmu. A watan Janairu na 1968, ana cikin yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta canja takardun kuɗi cikin 'yan makonni, domin tsofaffin da ke hannun Biyafara su zama takardar banza, ita kuma Biyafara ta buga nata. Da yaƙi ya ƙare a 1970, wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a zamanin Biyafara fam 20 aka ba shi, komai yawan abin da ya tara. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, jaka guda wadda ta ke fam 100 ta zama naira 200. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, ta sauya launin takardu, ta ba mutane kwanaki ƙalilan su kai nasu banki. Na baya-bayan nan kuwa duk mun gan shi da idonmu: a watan Oktoba na 2022 aka yi shelar sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 tsofaffin suka shige banki sababbin ba su fito ba, har mutum ya riƙa sayen naira da naira a wurin masu na'urar cire kuɗi, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Mai tumatir da ya yi kwana biyu a mota daga Arewa zuwa Anacha, kayansa ba su jiran layin banki. Ku tambayi irinsa ma'anar canji, zai gaya muku fiye da abin da ke cikin ƙamus.

Na kawo wannan dogon tarihi ne domin mu ga abin da ke cikin cikin kalmar. Sa'ad da na miƙa naira dubu na ce a ba ni canji, abu biyu ne a fili, nawa da na wani. Nawa ya bar hannuna ya koma nasa, nasa ya zo nawa. Akwai kuma alkawari a ciki ko ba a faɗa ba, watau daidai wa daida: dubu guda ta tafi, ɗari biyar biyu sun zo, ba wanda ya ci wani. In an karya wannan alkawari, kamar yadda wanda ya tara fam dubu ya tashi da fam 20, ko an kira abin canji a takarda, mai shi ba zai kira shi haka ba har ya mutu. Sa'an nan canji yana da farashi, ana tayawa, ana sallamawa, gobe kuma in ka ga dama ka komo ka mai da abinka.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne 'yan canji. A Fatakwal an san su a titin Aba, wajen otal ɗin Presidential, a Inugu da Anacha kuma ba su nesa da masallaci da kasuwa, yawancinsu 'yan Arewa ne. Sana'ar a baki mai sauƙi ce: farashin saye dabam, na sayarwa dabam, ɗan abin da ke tsakani shi ne riba. Ɗan kasuwar Anacha mai son dala domin ya sayo kaya a ƙasar Sin ya zo wurin Alhaji, ma'aikacin kamfanin mai da aka biya shi da dala shi ma ya zo wurin Alhaji, Alhaji ya tsaya a tsakiya. Kafin ya faɗi farashi ya riga ya ji abin da a ke ciki a Wapa ta Kano da Abuja da Ikko. Amma jarinsa na ainihi ba takardun da ke aljihunsa ba ne, amana ce. A kan ba da kuɗi a Kano a karɓa a Fatakwal da magana ɗaya ta waya, wanda kuwa ya ci amana sau ɗaya ya gama sana'a, gama labari ya kan riga shi isa ko'ina. Malaman fiƙihu kuma sun kafa wa musayar kuɗi sharaɗi tun dā, a yi ta hannu da hannu, in kuwa iri ɗaya ne kada wani ya fi wani. Gwamnati ta fara ba da lasin wannan sana'a a 1989, a watan Maris na 2024 kuma Babban Banki ya soke lasin fiye da 4,000 a rana ɗaya. Ko ana sonsu ko ba a so, a bakinsu kalmar canji ta ke zaune daram, ba wanda zai ce sun yi mata kuskure.

Haka kuma ban ga laifi ba in an ce direba ya canja giya, ko an canja tayar mota, ko an yi canji a filin ƙwallo wani ya fita wani ya shiga. Matafiyan dā su kan yi canjin jirgi a Kafanchan. Ran 2 ga Afrilu 1972 motocin ƙasar nan suka bar hannun hagu suka koma dama, mutane suka ce canjin hannu. Duk waɗannan abubuwa ne da suka zo tare da inji da ofis, sun zo da kalmarsu.

Inda na ke kuka shi ne, yaron da aka haifa a Fatakwal ko Inugu, wanda Turancin kasuwa ya ke ji a titi da makaranta, Hausa kuwa sai a tsakar gida, sau da yawa canja ita kaɗai ya ke da ita. Kada kuwa mu yi masa dariya, gama mu da muka tashi a tsakiyar Hausa mun kama hanyarsa. Alhali kuwa Hausa tana da kalmomi da yawa a nan, kowace da aikinta. Mutum ya kan sake riga, ya sake shawara, watau ya ajiye ta fari ya ɗauki wata, ba da wani ya yi ciniki ba. Mutum biyu su kan yi musaya, ban gishiri in ba ka manda. Iska ta kan sauya, damina ta sauya da rani. Hawainiya ta kan rikiɗa, a tatsuniya kuma mutum ya kan rikiɗa ya zama kura, shi ne dai, amma siffa ta ɓace har ba a shaida shi. Juya kuwa ta fi su duka daɗi a wurina. Mai waina ta kan juya waina, wainar nan ce, ɗaya fuskar ce ta fito. Ɗan kasuwa ya kan juya kuɗi, ba canja su ya yi ba, ya sa su aiki ne su haihu. Almajiri ya kan juya littafi, watau ya kwafe shi. Maƙaryaci ya kan juya magana, aboki ya kan juya baya. Sojoji kuma sun yi juyin mulki a watan Janairu na 1966, wanda ya sa wa abin wannan suna ya san Hausa, gama kifar da ƙwarya aka yi, na sama ya koma ƙasa. Da an ce canjin mulki, da sai ka ce an miƙa an karɓa cikin lumana.

Ga misali daga ajinmu. A littattafan lissafi na zamanin iyayenmu a kan ce wa yaro ya mai da fam 3 sule, ya sami 60. Yau mu kan ce ya mai da mita 3 santimita, ya sami 300. Amma na sha jin ɗalibai a wajen gwajin koyarwa suna cewa, ku canja mita zuwa santimita. Wani zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Igiyar nan guda ce, ba a ba wani ita an karɓo wata ba, tsawonta bai ƙaru ba bai ragu ba, ma'auni ne kawai aka sake. Yaron da aka ce masa mai da, ya kan riƙe cewa abin yana nan. Wanda aka ce masa canja kuwa, ya kan zaci dabara ce ta share lamba a rubuta wata, shi ne za ka ga ya ƙara sifiri inda ya kamata ya rage, bai kuwa ji komai a ransa ba. Wannan ƙaramar hasara ce, ana gyara ta da jan biro.

Babbar hasara tana wajen addini, a nan kuwa ina roƙon masu karatu, Musulmi da Kirista, su yi mini haƙuri su ji ni har ƙarshe.

Kalmar da Hausa ta daɗe da ita a nan ita ce tuba. Asalinta a Larabci komowa ne, mutum ya bar hanyar da ya kauce ya komo. Kowa ya san ta tun yana ƙarami. Yaro ya ga bulala ya ce na tuba. Babba ya yi wa na gaba da shi laifi ya ce, na tuba, na bi Allah na bi ka. Wanda ya tuba da baki hannunsa na cikin laifi, a ce tuban muzuru. A wurin Musulmi tuba aikin kullum ne, ba na baƙo kaɗai ba, liman da kansa yana neman gafara. Mu da muka yi makarantar mishan kuma da ita muka tashi, gama Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa, da suka fassara Littafi Mai Tsarki wanda aka buga cikakke a 1932, ita suka ɗauka, ba su ƙago wata ba. Ke nan masallaci da majami'a kalma ɗaya su ke amfani da ita a kan abu mafi nauyi a zuciyar mutum. Wannan abin a lura ne ga masu cewa ba abin da ya haɗa mu.

Amma sa'ad da aka ɗauki tuba aka sa wa wanda ya bar wani addini ya shiga wani, to, ta zo da hukunci a goye. In ka ce wane ya tuba, ka ce inda ya baro ɓata ne. A cikin majami'a fasto yana da ikon faɗin haka, a masallaci liman yana da iko, gama abin da kowannensu ya gaskata ke nan, ba ni kuwa neman su fasa. Sai dai ku duba: mutum ɗaya, rana ɗaya, aiki ɗaya, a wannan layi a ce ya tuba, a layi na gaba a ce ya yi ridda ko ya ja da baya. Malamin makaranta wanda ya ke da 'ya'yan layi biyun nan a benci ɗaya, wace zai ɗauka? Ko wace ya ɗauka ya yanke wa uban wani yaro hukunci a gaban abokansa.

Saboda gudun wannan ne masu son zaman lafiya suka koma cewa ya canja addini, suna ganin ita ce kalmar da ba ruwanta. Niyyarsu mai kyau ce, amma ni ina ganin sun gudu daga ruwa sun faɗa rijiya. Ku tuna abin da muka gani a hannun 'yan canji. Canji yana da farashi. Da ka ce mutum ya canja addini, ka kai shi kasuwa ka shimfiɗa, tambayar da za ta biyo baya kuwa ita ce, nawa aka ba shi? Wannan zargi tsoho ne a ƙasar nan, kowane ɓangare ya sha jifan ɗan'uwansa da shi. An ce 'yan mishan da makaranta da magani su ke sayen mutane. Da Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa daga 1963 zuwa 1965, aka ce da riguna da kuɗi a ke jawo su. Ban ce ba a taɓa samun wanda ya bi don abin duniya ba, akwai su ko'ina. Amma akwai wanda ya rasa gādo, ya rasa mata, ya rasa gaisuwar uwarsa saboda abin da zuciyarsa ta gaskata. Wane ɗan canji ne zai yarda da irin wannan ciniki? Kiran abin da ya yi canji ƙarya ce a kansa, ko da mai faɗi bai nufa ba.

Akwai kuma illa ta biyu, wadda ta fi fitowa a ƙasar Gabas. A canji, abin da ka bayar ya bar hannunka. Saboda haka mutane su kan ɗauka wanda ya shiga wani addini ya miƙa har da ƙabilarsa da harshensa a bakin abin da ya karɓa. A Anacha 'yan mishan na C.M.S. suka sauka a 1857 tare da Samuel Ajayi Crowther, 'yan Katolika suka biyo a 1885, ƙasar Ibo ta zama ta Kirista kusan duka, Musulunci kuwa aka san shi a fuskar baƙin da ke zango. Shi ya sa Ibon da ya musulunta a kan ce ya zama Bahaushe. Alhali akwai Ibo Musulmi a wajen Nsukka tun zuwan fataken Nufe, akwai kuma na Enohia a Afikpo, waɗanda suka bi Shehu Ibrahim Nwagui a ƙarshen shekarun 1950, ba wanda ya manta Ibo a cikinsu. Mu ma a Arewa muna da irin wannan ciwo ta ɗaya fuskar. Bahaushe Kirista ya faɗi sunan garinsu, sai a ce, a'a, asalinka dai mu ke tambaya. To, Likita Barau Dikko na Wusasa, likitan farko na Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, Kirista ne. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne. Wa ya karɓi Hausarsu a bakin addini?

Hausa tana da kalmar da ta san mutum ya kan ƙaru ba tare da ya zubar da na dā ba, ita ce zama. Malam Umaru Altine mai fataucin shanu ne daga Lardin Sakkwato, ya zauna a Inugu, ya shiga N.C.N.C., a 1956 ya zama magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'un mutanen gari. Ya zama ɗan Inugu, bai kuwa fasa zama Bafillacen Sakkwato ba, bai bar sallarsa ba. Yaro ya kan zama malami, yarinya ta zama uwa, ba wanda ya ke tambaya me suka bayar.

Kada wani ya ce wannan wasa ne da kalmomi. Hausawan Gabas sun san abin da ke biyo baya in an haɗa addini da ƙabila an ɗaure da igiya ɗaya. A 1966 Ibo suka gudo daga Arewa bayan kashe-kashe, 'yan Arewa kuma suka bar Gabas, zangunan suka zama kufai sai bayan yaƙi. A watan Fabrairu na 2006 aka kashe Kiristoci a Maiduguri, bayan kwana kaɗan aka rama a kan 'yan Arewa a Anacha, mutane suka tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba da ƙafa. Ban ce kalma ce ta kunna wutar nan ba, dalilanta suna da yawa. Abin da na ce shi ne, a irin ranar nan ba a tambayar mutum abin da ke zuciyarsa, rigarsa a ke dubawa da sunansa, wanda kuwa a ke ganin ya sayar da mutanensa ba shi da mafaka a ko wane gefe. Tunanin nan a baki ya ke farawa, a gida da aji.

To, me za mu ce? Abin da ya faru kawai. Wane ya musulunta. Wane ya zama Kirista. Wance ta shiga Katolika. Waɗannan ba su yaba ba, ba su zaga ba, ba su kuma sa farashi ba. Akwai kuma koma, a kan ce ya koma Kirista ko ya koma Musulmi, sai dai ita tana da baki biyu, gama koma zama ce, kamar ruwa ya koma ƙanƙara, kuma komawa gida ce, saboda haka kowane mai ji ya kan ji abin da ya ke so. Wataƙila shi ya sa dattawa masu wayo su ke sonta.

Na san za a ce harshe kogi ne, ba mai tare shi, in jama'a sun zaɓi canja sai mu bi. A kasuwa haka ne, ba ni kuwa da niyyar zuwa Gariki in gyara wa dillali magana. Amma ba gaskiya ba ne cewa ba mai iko da harshe. Ma'aikatan gidajen rediyo sun riƙa faɗin sauyin yanayi, yau manomi a ƙauye yana faɗinta. Ɗan siyasar da ya bar jam'iyyarsa a ka ce ya sauya sheƙa, kamar tsuntsu, kalmar ta zauna. (Ko da ya ke a nan kam, in an ce canji ba na jin an zalunci kowa, gama sau da yawa akwai tayi akwai sallamawa.) A zaɓen 2015 kuma canji ta zama kirarin jam'iyya, aka cika filaye da ita, ba wanda ya tsaya ya tambaya me za a bayar, me za a karɓa, alhali ko yaron ɗan canji ba ya miƙa hannu sai ya ji farashi. In mai karanta labarai na minti goma ya iya dasa kalma a bakin jama'a, ina ga malamin da ya ke tare da yara arba'in ko hamsin daga safe har azahar, shekara guda cur?

Abin zai same mu a aikace, ba da daɗewa ba kuwa. Wata rana za a kawo maka yaro a tsakiyar zangon karatu, ko kuwa wanda ka sani ne tun bara, uban ya zo ya ce daga yau sunansa ba Bulus ba ne Bashir ne, ko ba Hauwa ba ce Hannatu ce. Aji zai yi tsit, ido duka a kanka, wani mai baki kuma zai ce, Malam, sun canja addini ne? Ni dai ga abin da na shirya yi. Zan rubuta sabon suna a rajista, in bar tsohon a gefensa da ƙaramin rubutu saboda takardun jarrabawa kada su ɓace masa. Zan gaya wa mai tambaya cewa gidansu sun musulunta, ko sun zama Kirista, yadda abin ya ke, sunansa yanzu wane, bencinsa kuwa shi ne na jiya. Sa'an nan in ce kowa ya fito da littafin lissafi, mu mai da mita 3 santimita.